Man haɗi ko na farmasi, wa za ki kama in fuska ta ɓaci?

Salamu alaikum. Ƙanwata da ta ce ta shafa man haɗi na bilicin kwana huɗu fuska ta yi ja tana zogi, tana tambaya ko gara ta koma na farmasi, ni dai duka biyun sun taɓa ƙona ni, bari in gaya miki yadda munka kwashe.

Ki aje man nan tukuna, ruwa kawai da sabulu marar ƙamshi. In leɓe ko ido ya kumbura ko numhwashi na sarƙewa, kar ki tsaya jiran amsarmu, ki tahi likita yanzu.

Shi na haɗi a roba ake ba ki shi, ba suna ba rubutu, sai sitika mai hoton wata fara sol. Abin da anka fi zubawa ciki clobetasol ne, maganin ciwon fata mai ƙarhi da likita ke badawa na ɗan lokaci, sai hydroquinone mai sa fata haske, wani lokaci har da makuri, wani sinadari mai guba. Shi ya sa sati biyu kin yi haske kowa na ce miki amarya, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su hito kore, ga nankarwa a damtse ga ƙuraje ga makero, kumatu da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin kamar an goga gawayi. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa, kuma mai ciki ko mai goyo har ɗan ya samu rabonshi. Kodebuwa ta hana mayukan bilicin tun 2015, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ma a 2023 ta ce abin ya zama matsalar gaggawa, amma mu nan a sitatus ake tallarshi kamar turaren wuta.

Nawa jikka biyar na saye shi. Da fuska ta kama wuta na tura ma matar da ta sayar mani hoto, ta ce "shina aiki ne Hajiya, datti ne ke hita, ki ci gaba". Bayan kwana biyu na sake turawa ta ce ai rana na shiga, wai fatata ce ba ta da kyau, in kawo jikka uku ta ban sabulun gyara. Da na ɗaga murya ta yi bulokin ɗina, kuma ga shi 'yar ƙanwar maƙwabciyarmu ce, manya sunka ce a yi haƙuri don zumunci, shi ke nan maganar ta mutu. Da na je wurin likitan fata tambayar farko da ya yi mani ita ce mi ke cikin man, na yi shiru, don ni kaina ban sani ba.

Na farmasi ya hi tsada kuma ba ya wannan saurin, kar ki sa ran haske. Shi ma ya taɓa sa mani ƙaiƙayi, kuma da na maida sun ce abin da anka buɗe ba ya komawa, kuɗɗina sun tahi. Amma ba wanda ya ce laihina ne, mai farmasin ya juya kwalin ya karanta ya ce wataƙila turaren da ke ciki ne, in nemi marar ƙamshi. Ga sunan kamfani, ga lambar kaya, ga ranar lalacewa, ga resi a hannuna, ga shago da ba ya gudu.

Sai dai ba duk mai kwali ne na gaskiya ba, wanda ke tebur a kasuwa yana shan rana akwai jabu da yawa, har lambar NAFDAC ana bugawa ta ƙarya. Kowane kika saya ki fara gwadawa a cikin hannu kwana biyu uku kahin ya hau fuska.

Masu shafa haɗi wata da watanni kuma, ku ba kamar ƙanwata mai kwana huɗu ba ne, in kunka yanke lokaci guda fata na iya yin bore, likita ne zai rage muku a hankali. Ke dai ƙanwata kar ki yar da robar, ki ɗauki hoton fuskar yau, ki tahi da su duka wurin likita, kuma in wadda ta sayar miki ta ce ki sayi sabulun gyara kar ki saya.