Balaraba Muhammad da Hauwa Ali Dodo: wacce ta fi iya wasa?

Ƙanwata, kin tambaya tsakanin marigayiya Balaraba Muhammad da marigayiya Hauwa Ali Dodo wacce ta fi iya wasa, kuma me ya sa idan ana tuna 'yan fim ɗin da suka riga mu gidan gaskiya sunan Balaraba ne yake fara fitowa daga bakin manyan mata. Allah ya jiƙansu duka biyun, ya sa sun huta. Tambaya biyu kika haɗa, kuma amsarsu daban-daban ce. A fagen wasa, ni a wurina Hauwa ce gaba. A raɗaɗin rashi kuwa, na Balaraba ya fi taɓa mutane, har ina ganin raɗaɗin nan ne ya danne aikinta.

Sai kin san zamanin da suka yi kafin ki auna su. Fim ɗin bidiyo na Hausa a nan Kano ya fara, a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Zuwa 1999 harkar ta bunƙasa: mujallar Fim ta fara fitowa, a mujallar Tauraruwa kuma aka laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Kaset ake sayarwa a Ƙofar Wambai da Bata, 'yan kasuwa ne ke cewa wace fuska suke so a jikin kwali. Mu kuma haya muke ɗaukowa a shagon unguwa. Yaro ya kawo kaset a baƙar leda bayan isha'i, a shimfiɗa tabarma a falon gidan da yake da bidiyo, maƙwabta su cika ɗakin har bakin ƙofa, ana addu'ar kada a ɗauke wuta. A irin wannan ɗakin aka san su duka biyun, kuma abin da kowacce take sa 'yan ɗakin su yi shi ne babban bambancinsu.

Idan Hauwa ta fito, ɗakin hargitsewa yake yi. Sunan da aka fi saninta da shi, Biba Problem, daga fim ɗin Ki Yarda Da Ni ta samo shi, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, inda ta fito a matsayin Biba mai fitina. Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta, da yawa ma ba su san sunanta na yanka ba. Ki lura da ita idan za ta yi faɗa. Ba ta fara da ɗaga murya. Sai ta tsaya ta kalli mutum daga sama har ƙasa, ta gyara ɗaurin kallabi, ta yi tsaki, sannan ta saki magana ɗaya mai dafi a hankali. Kafin ta rufe baki za ki ji wata uwa daga kan tabarma tana cewa "Allah ya isa tsakanina da yarinyar nan", kamar ita aka faɗa wa. Kowace mace a ɗakin ta san wata Biba, ko a gidansu ko a maƙwabta, kuma Hauwa ta iya fito da ita ba ragi ba ƙari.

Wannan rawar tana da tsada ga mai ɗaukarta. A lokacin masu kallo da yawa ba su raba ɗan wasa da halin da ya fito da shi, don haka duk wadda ta yarda ta zama muguwar kishiya ta san za a riƙa yi mata kallon muguwa a kasuwa da gidan biki. Yawancin 'yan mata masu tasowa gudun irin wannan rawar suke yi. Hauwa ta karɓe ta hannu biyu, ta kuma nuna daga baya cewa tana iya zama babbar yaya ko matar gida mai hankali ba tare da mai kallo ya ji wani baƙon abu ba.

Idan Balaraba ta fito kuwa, ɗakin tsit yake yi. Ita an fi ba ta rawar budurwa mai kunya, wadda ake so ko wadda ake zalunta. Ƙarfinta a ido yake da kuma shiru. Ta iya sunkuyar da kai gaban babba yadda 'yar gidan mutunci take yi, ta iya riƙe hawaye ya cika ido bai zubo ba, sai magana ta ƙare sannan ya gangaro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a zamanin da kyamara ɗaya ake aiki da ita, sauti ba shi da kyau, kuma sau da yawa a wurin ɗaukar fim ake gaya wa 'yar wasa abin da za ta faɗa. Wasu suna cewa ai rawar baiwar Allah kowa ma zai iya. Ban yarda ba. Mun ga da yawa da suka gwada, kukansu ya ba mutane dariya.

To me ya sa na ce Hauwa ce gaba? Lokaci. Hauwa ta fi shekara goma tana wasa, ta fara tun zamanin kaset ta kai zamanin faifan CD, ta fito da darektoci iri-iri, an juya ta ta kowace fuska an ga abin da za ta iya. Balaraba 'yan shekaru kaɗan ta samu, kuma a cikinsu kasuwa ba ta bar ta ta fita daga layi ɗaya ba, domin ɗan kasuwa idan ya ga fuska tana sayar da labarin soyayya ba zai so a canza mata ba. Ga kuma waƙa da rawa da suka mamaye finafinan shekarun, suna cinye mintunan da ya kamata a ce wasa ake yi a cikinsu, muryar ma ta mawaƙiyar situdiyo ce, 'yar wasa baki kawai take motsawa. Abin da muka gani na Balaraba somin taɓi ne. Ba mu gan ta a matsayin uwa ba, ba mu gan ta da manyanta a fuska ba.

Sai batun rasuwa, wanda shi ne amsar tambayarki ta biyu. Dukansu hatsarin mota ne ajalinsu. Hauwa ta rasu ranar 1 ga Janairu, 2010, a hanyar Jos, shekara uku cif bayan ɗan wasa Ahmad S. Nuhu, wanda shi ma ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. Balaraba ita a 2003 ta rasu, tana amarya. An ɗaura aurenta da ɗan wasa Shu'aibu Lawan Kumurci, an ɗauko ta za a kai ta ɗakinta, a hanya Allah ya yi ikonsa. Duk macen da aka taɓa kaiwa ɗakin miji, duk uwar da ta taɓa yi wa 'yarta faɗan tafiya, ta ji mutuwar nan a jikinta. Kuma a lokacin masu kallo ba su saba da rasuwar matashiyar tauraruwa ba, harkar kanta ba ta daɗe ba. Shi ya sa har yau idan an ambaci sunanta abin da ke biyo baya shi ne "Allah sarki, amarya".

Abin da ke damuna ke nan. Tambayi wanda ya ce miki yana son Balaraba ya ba ki labarin fim ɗinta guda, yawanci sai ya koma kan labarin hatsarin. Hauwa ta fi ta sa'a ta nan, domin da aikinta ake tuna ta, ko da kuwa zagin Biba ake yi. 'Yar wasan da ta sha rana da jiran darekta tun safe har dare ta cancanci a yi maganar wasanta ma.

Ke da kika tashi a zamanin Arewa24 da YouTube, ki nemi tsofaffin finafinansu ki kalla da kanki, wasu an ɗora su duk da hoton ya dusashe kuma sautin yana shaƙewa. Ki fara da Ki Yarda Da Ni saboda Hauwa. Na Balaraba sun fi wuyar samu cikakku, da yawa kaset ɗinsu ya lalace a cikin kwali saboda zafi da ƙura. Idan akwai wadda a cikinmu take da su a ajiye, a gidan iyaye ko a tsohon shagon haya, don Allah kada a zubar. A kai wa masu juyar da kaset zuwa kwamfuta tun yana iya tashi.