Cibiyar Sinti da Roma ta Heidelberg, wallahi ta cancanci ziyara

In Allah ya kai ku Jamus ku leƙa wannan cibiya da ke tsohon garin Heidelberg, wadda ke baje kolin tarihin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Sinti da Roma, wasu al'ummomi marasa rinjaye a Turai, tun 1997 aka buɗe ta kuma shiga kyauta ne. Abin da ya fi taɓa ni hotunan iyalai ne, yara cikin kayan makaranta, amare da angwaye, sai kuma takardun da 'yan Nazi suka bi suna rajistar mutane ɗaya bayan ɗaya kafin a kwashe su zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Gabana ya faɗi sosai don ai a 2018 Matteo Salvini yana ministan cikin gidan Italiya ya ce a ƙirga Roma. Ku ware lokaci isasshe, karatun da yawa gaskiya.