Ƴar lezar nan ta 405, bayan wata biyu a hannuna

Ni malamin fizik da shimi ne a wani lise nan Tawa, labo ɗinmu kuwa sai dai a ce alhamdu lillahi. Shi ya sa da wani ɗan'uwa zai taho daga Yamai na ce ya riƙo mini ƴar lezar nan mai kamar biro, mai haske ruwan shuni, wadda aka rubuta 405 nm a jikinta, wato nanomita 405, ma'aunin da ke nuna launin haskenta. Jikka shida ya biya.

Dalilin da na nace sai 405 shi ne ƙwayoyin forfirin, dangin jan jini da koren ganye, wajajen 400 zuwa 420 nm suka fi shan haske, wasunsu kuma in sun sha sai su fid da jan haske. Na daka ganyen zogale a alkol ɗin farmasi, na tace da tsumma, ruwa ya fito kore shar a kwalba, muka rufe tagogi na haska, wallahi sai ga layi ja jawur ya ratsa cikin koren, aji ya ruɗe, wata yarinya ta ce malam wannan ai siddabaru ne. Ɓawon ƙwan kaza mai ruwan ƙasa ma yana ba da ja, amma sai da duhu sosai.

Inda na fi jin daɗinta shi ne da na dinga ɗiga ruwa a kwalbar. Klorofil, wato koren ganyen nan, ba ya shiri da ruwa, sai ƙwayoyin su dunƙule su manne da juna, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, jan nan ya dinga dusashewa kuna kallo. To ina hasken ya tafi? Nan fa ƴar lezata ba ta da amsa. Kuzarin yana tsallakawa ne daga ƙwaya zuwa ƙwaya ya zama zafi cikin lokacin da ido bai isa ba, masu bincike a Turai da Amurka sai su harba walƙiyar leza ta femtosakan, su bi ta da ta biyu su ga me ya canza, femtosakan kuma sakan ɗaya ne a raba shi gida miliyan sau biliyan. Irin aikin da Ahmed Zewail ɗan Masar ya ci Nobel a kai kenan a 1999. Ɗalibai sun fi riƙe sunansa fiye da lissafin, ban ce komai ba.

Aibinta: tana cin pil kamar me, biyu ba sa kai mini sati. An rubuta ƙarfinta 5 mW ne, wato miliwat biyar, amma ni ban yarda ba, don ta ɗumama baƙar leda har ta yamutse, kuma ido ba ya ganin wannan launin da kyau, sai ka ɗauka ba ta da ƙarfi alhali tana iya ɓata ido. Ban taɓa ba ɗalibi ita ba, a aljihuna take kwana. Maɓallin ma ya fara sanƙarewa tun da ƙurar hunturu ta shiga.

Malamin da ke son ta ya saya, amma ya haɗa da tabarau na kariya, ni nawa har yanzu suna hanya.