Sharhi kan Lucky Dog, shirin da ke ɗauko karen da aka yar ya samar masa gida

A cikin shirye-shiryen dabbobi da na kalla, Lucky Dog ne ya fi zauna mini a rai. Shiri ne na rabin awa da tashar CBS ta Amurka ta fara nunawa a 2013, da safiyar Asabar, lokacin da aka ware wa yara da iyayensu. Ni a intanet na same shi, na fara da guntaye, daga baya na koma neman cikakku. Wanda ya fara gabatar da shi, kuma wanda nake magana a kansa a nan, shi ne Brandon McMillan, mai horar da dabbobi da ya tashi a gidan masu wannan sana'a, ya kuma yi shekaru yana horar da dabbobin da ake sawa a finafinai kafin ya koma kan karnukan da aka rasa mai so.

Tsarin shirin kusan iri ɗaya ne kowane mako. Za a kira shi daga ɗaya daga cikin gidajen tsare dabbobi na yankin Los Angeles a ce ga wani kare da ya daɗe babu wanda ya taya. Sai ya tafi ya gan shi a keji, ya zauna kusa da shi har ya saki jiki, ya ɗaura masa jan abin wuya, alamar ya shiga makaranta, ya kai shi gidan gonarsa. Likitan dabbobi zai duba shi, sannan a gwada shi a ga me ya sani, me bai sani ba. Daga nan sai horo. A ƙarshe a cire jan abin wuyan a sa masa kore, a kai shi ga iyalin da aka zaɓa masa. Mutum zai zaci wannan maimaicin zai gundure shi, amma ni bai gundure ni ba, domin kowane kare da irin tabon da ya zo da shi.

Sai mutum ya san abin da ke bayan kejin nan kafin ya gane nauyin shirin. A Amurka, karen da ya ɓata, ko wanda mai shi ya gaji da shi, ko aka ƙwace daga hannun mai azabtar da shi, gidan tsarewa ake kai shi. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta ASPCA ta taɓa ƙiyasta cewa karnuka kusan miliyan 3 ne ke shiga irin waɗannan gidaje duk shekara, kuma wajen 390,000 daga cikinsu ana kashe su da allura, da yawa saboda wuri ya cika kuma babu mai ɗauka. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne babban kare, ko tsoho, ko mai wani hali da ya sa aka dawo da shi. Irin waɗannan McMillan ke yawan ɗaukowa.

Abin da shirin ya tsaya a kai, kuma abin da ya sa nake yaba masa, shi ne cewa mafi yawan karnukan da ake kira marasa ji, ba a taɓa koya musu komai ba ne. An kawo kwikwiyo gida ana murna, ya girma yana tsalle kan baƙi, yana tauna takalma, yana ficewa da gudu duk lokacin da aka buɗe ƙofa, sai a ce ya gagara, a mayar da shi. McMillan yana da umarni bakwai da yake cewa kowane kare sai ya san su kafin ya zauna da mutane lafiya: zauna, tsaya inda kake, kwanta, zo, sauka, bi ni a gefe, da kuma bari. Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne kwikwiyo ya fi saurin ɗauka, amma na ga karnuka masu furfura a baki suna koyon waɗannan abubuwa a shirin, a hankali, har suka iya.

Wurin da na fi tsayawa ina mayar da hoton baya shi ne inda yake gyara karen da ke ficewa daga ƙofa. Ba ya tsawa, ba ya duka. Yana sa wa karen doguwar igiya don kada ya kuɓuce, sai ya buɗe ƙofar kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu. Da karen ya zabura sai ya rufe ta da sauri. Ya jira ya natsu, ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Za ka ga karen ya fara ja da baya da kansa, ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon fuskar mutumin maimakon kallon waje. Sai a ƙara faɗin buɗewar kaɗan-kaɗan, har ƙofa ta kasance a wangale kare yana zaune yana jiran izini. A lokacin ne hannun McMillan ke shiga jakar da ke ƙugunsa ya fito da ɗan abin lasawa. Saurin hannun nan shi ne sirrin. Lada tana zuwa ne a daidai lokacin da karen ya yi abin da ake so, ba bayan an gama surutu ba.

Na gwada wannan a kan Duna, karen gadi da ke gidan gonarmu, wanda ya saba bankaɗe duk wanda ya buɗe ƙyaure ya fice cikin tumakin maƙwabta. Na yanyanka ganda ƙanana na zuba a aljihu, na samo doguwar igiya, na fara. Baba maigadi yana zaune a kan benci yana kallona. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan karen ai sanda kawai yake ji." Na ce, "Baba, ku ba mu ɗan lokaci mu gani." Zama da kwanciya Duna ya ɗauke su da wuri, har abin ya ba ni mamaki. Ƙyauren ya ɗauki makonni, kuma sai da Baba ya yarda ya riƙa yin yadda nake yi, domin idan mutum ɗaya yana hanawa wani yana bari, kare ba ya gane wanne ne doka. Yanzu shi ne ke tuna mini in zo da ganda. Kiran "zo" kuwa har yau idan Duna ya hango zomo a cikin dawa, sai ya gama abin da ke gabansa yake waiwayowa.

Wannan ya kawo ni ga babban abin da nake ganin shirin ya gaza a kai. Idan aka cire tallace-tallace, minti ashirin da 'yan kai ne ke rage, kuma a cikinsu ake nuna kare ya tashi daga firgici ya zama natsattse. Ba a nuna ranakun da aka yi ta maimaita abu ɗaya babu ci gaba. Littafin da McMillan ya fitar a 2016 ma alƙawarin kwana 7 ne a bangonsa. Mai kallo da bai taɓa riƙe igiyar kare ba zai iya ɗauka cewa idan nasa bai gyaru a mako guda ba, to lalatacce ne, alhali wannan tunanin shi ne ke cika gidajen tsarewa tun farko. Ya kamata a riƙa faɗa a fili cewa mutumin nan aikinsa ke nan tun yana yaro, yana da fili da kayan aiki da mataimaka. Haka kuma ba kasafai ake ganin kare mai cizo na gaske ba. Na fahimci dalili, shiri ne na safiyar Asabar da yara ke kallo, amma hakan na nufin ɓangaren da ya fi wuya a aikin ceton karnuka yana waje da kyamara. Kiɗan tausayi da ake sakawa a wurin miƙa kare ma yakan yi yawa. Fuskar yaron da aka miƙa wa igiya ta isa, ba ta buƙatar taimako.

Akwai wata dabara tasa da ban ɗauka ba, wato girgiza gora mai tsabar kuɗi a ciki don ƙarar ta katse kare daga haushi. Tana aiki a kan wasu, amma karen da ya riga ya zama matsoraci, ƙarar na iya ƙara masa firgita, kuma masu horarwa da yawa ba sa son ta saboda haka.

Inda shirin ya fi ƙarfi, bayan horon, shi ne zaɓen gida. McMillan yakan je ya ga mutanen tukuna, ya ga gidansu, ya ji yadda suke rayuwa, sannan ya ƙara wa karen darasin da ya dace da su. Idan tsohuwa ce mai tafiya da sanda, sai a koya wa karen tafiya a hankali ba tare da jan igiya ba. Idan gida ne mai ƙananan yara, sai a gwada haƙurinsa da hayaniya. Wani lokaci ana horar da kare don ya taimaki mai naƙasa, kuma McMillan na cikin waɗanda suka kafa gidauniyar Argus, mai horar da karnuka domin tsofaffin sojojin da suka ji rauni. Wannan kulawar ta burge ni ƙwarai. Ba a ɗaukar karen a matsayin kayan da za a rabu da su, ana tambaya ne ko zaman zai yi wa ɓangarorin biyu daɗi.

Na san da yawa daga cikinmu ba za su ji daɗin ganin kare a kan kujerar falo ko yana lasar fuskar mutum ba, kuma ni ma Duna ba ya shiga ɗaki. Ba sai mutum ya ɗauki wannan ɓangaren ba kafin ya amfana. Muna da karnukan gadi, da na farauta, da masu bin garke, kuma da yawansu jifa da sanda kaɗai suka sani daga hannun mutane. Mun kuma taso da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita da kyautata mata suna wuyansa, kuma koya mata abin da ake so da ita cikin sauƙi yana cikin kyautatawar.

Gargaɗi ɗaya nake so in yi da babbar murya, musamman ga iyayen da za su kalla da yara. Karnukan shirin sun riga sun bi ta hannun ma'aikata da likita kafin a taɓa su. Karen da ke yawo a kan titi a wurinmu ba haka yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukar kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Kada yaro ya ga McMillan ya durƙusa gaban baƙon kare ya ce shi ma zai yi. Wanda ke da kare ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ma tana yin ta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti nan take ba tare da jiran alama ba.

A 2021 aka miƙa shirin ga Eric Wiese da matarsa Rashi Khanna Wiese. Suna da kirki da natsuwa, kuma tsarin bai canja sosai ba, amma ni na fi koyon aiki daga shirye-shiryen farko, inda ake nuna hannu da igiya a kusa. McMillan ya ci lambar yabon talabijin ta Amurka, wato Emmy ta shirye-shiryen rana, saboda wannan aiki, kuma ya dawo a 2023 da wani salo inda yake komawa ya ga yadda karnukan da ya raba suke a gidajensu bayan shekaru. Wannan ya rufe wani giɓi da na daɗe ina gani, domin ranar miƙa kare kowa murna yake yi, abin tambaya shi ne bayan shekara uku.

Wanda yake son ganin yadda gidan tsare karnuka ke gudana daga ciki, da jinya da jiran mai ɗauka, shirin da marigayi Paul O'Grady ya fara a 2012 a gidan Battersea na Landan ya fi nuna wannan. Wanda kuwa yake da kare a gida yana son ya koya masa zama da tsayawa da dawowa idan an kira shi, ya nemi Lucky Dog na shekarun McMillan, ya fara da darasin zama a wurin da babu hayaniya, kafin a ba karen abincinsa, kuma kada zaman horo ya wuce 'yan mintoci.