Ofset, dijital ko fileks: wanne ya dace da aikin da za ka kai maɗaba'a a Sakkwato?

Tun kafin ka bar gida ka san kwafi nawa kake so, domin adadin shi ke nuna injin da ya dace da aikinka. Mai katin ɗaurin aure guda 80 da mai fostar makarantar Islamiyya guda 3,000 bai kamata su bi layi ɗaya ba, ko da zanen nasu iri ɗaya ne.

Injin ofset da faranti yake aiki. Ana sauke zanenka a kan faranti na alminiyom, tawada ta kama inda zane yake, ruwa ya kare sauran wurin, daga nan hoton ya hau kan bargon roba, robar ta manna shi a takarda. Asalin dabarar, wato ruwa da mai ba sa haɗuwa, Alois Senefelder ne ya gano ta a Jamus a 1796, kuma har gobe a kanta waɗannan injuna suke tafiya. Aiki mai cikakken launi faranti huɗu yake ci a kowace fuska, ɗaya ga kowace tawada. Kuɗin farantin da na saita inji da takardun da za a ɓata kafin launi ya zauna duk a kanka suke, ko kwafi 50 ka buga ko 5,000. Shi ya sa ofset yake da tsada a ƙaramin aiki, amma da adadi ya yi yawa sai kuɗin kowane kwafi ya faɗi warwas. Idan kuwa launi ɗaya ne aikin, kamar rasit ko fom na makaranta ko takardar jarrabawa, faranti ɗaya ya isa, kuma idan adadin da yawa yana da arha ƙwarai.

Dijital, wanda masu sana'ar suka fi kira DI, ba ya bukatar ka biya kuɗin faranti a irin injunan da suka fi yawa a shaguna. Daga kwamfuta zuwa takarda ne kai tsaye, garin tawada ne ake narkarwa da zafi ya manne. Kwafi na farko da na ɗari kusan kuɗinsu ɗaya. Amfaninsa sauri, kana tsaye za a ba ka, kuma ana iya canja suna a kowane kwafi, abin da ya sa ya fi dacewa da takardun shaidar sauka ko katin shaidar ma'aikata. Aibinsa shi ne tawadar a saman takarda take zama, idan aka naɗe kati mai kauri ba tare da an fara yi masa layin naɗi ba, sai ta tsage ta bar farin zare a gaɓar.

Ina iyakar take? Galibi tsakanin kwafi 500 da 1,000 ne ofset yake fara yin riba, amma farashin takarda da na man janareta suna motsa iyakar. Ka tambayi kuɗin aikin ta hanyoyin biyu, a adadi biyu. Ka kuma tambaya ko a nan garin za a buga. Wasu shagunan karɓar manyan ayyuka suke yi su tura Kano ko Kaduna, wani lokaci har Shomolu a Legas. Wannan ba laifi ba ne, amma kwanakin mota na cikin lissafi, kuma wanda ɗaurin aurensa Juma'a ce ba shi da kwanakin da zai bayar.

Rigimar da ta fi yawa tsakanin mai aiki da mai maɗaba'a a kan launi take. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Takarda ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ake haɗawa a kanta: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Launukan da tawada ke iya kaiwa ba su kai na haske yawa ba. Koren nan mai ƙyalli da ka gani a waya zai fito a dushe, shuɗi mai zurfi kuma yakan karkata zuwa shunayya. Ka ce wa mai zanen ya yi aikin a CMYK tun farko. Ruwan zinare, wanda amare da iyayensu ke so a kati, tawada huɗun nan ba ta yinsa ko kaɗan, abin da za ka samu rawaya ce mai duhu. In zinare mai sheƙi ake so, sai an manna foyil, wato siririn falle mai ƙyalli, da ƙarfe mai zafi, aiki ne daban da kuɗinsa daban. Ƙananan rubutu kuma a yi su da baƙar tawada zalla. Idan aka haɗa baƙin daga launi huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai ka ga haruffa da inuwar ja a gefe.

Hoton ango ko na shugaban makaranta kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar matse shi take yi. A tura shi a matsayin fayil. Abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga shi.

Sai haruffa, kuma nan ne nake ganin an fi yi mana sakaci. Yawancin fon, wato salon haruffan kwamfuta, masu ado da masu zane ke saukewa daga intanet ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Abu uku ke faruwa: ko a ga akwatin banza a wurin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani fon ya fito bare a tsakiyar kalma, ko mai zanen ya share ƙugiyar ya huta. Na ukun ya fi muni, saboda ba kowa ke lura ba sai an raba. Ɗaurin aure ya koma daurin aure, Ƙofar Atiku ta koma Kofar Atiku. Akwai fon na kyauta da suke da haruffan nan cif, irin su Noto Sans da Charis SIL da Andika. Kafin a fara zane ka ce, "Malam, rubuta mini ɓarawo da ɗaki da ƙasa da wannan fon in gani, manya da ƙanana." In sun fito daidai, a ci gaba. Idan an gama, a mayar da rubutun zane, kamar yadda manhajar zane ta CorelDRAW ke yi, ko a fitar da PDF mai ɗauke da fon ɗin, don kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya shi da nata.

Larabci da ajami sun fi bukatar ido. Manhajar da ba a saita ta ga rubutun dama zuwa hagu ba tana warwatsa haruffa, kowane ya tsaya shi kaɗai, wani lokaci ma ta juya su baya. A garin Shehu abin kunya ne a rataye allon makaranta da bisimilla a wargaje. A ba malami ya karanta kafin a buga. Mai son ajami irin na hannu yana iya neman fon ɗin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Ni dai da za a ji tawa, da an daina sa ayar Alƙur'ani a katin da aka san bayan walima a ƙasa zai ƙare.

Fon biyu sun isa kowane kati. Mai lanƙwasa a bar shi ga sunayen ango da amarya, rana da wuri da lokaci a rubuta su da fon miƙaƙƙe wanda dattijo zai karanta ba tare da ya kira jikansa ba.

Takarda da giram ake auna ta. Giram 70 zuwa 80 na rubutu ne da fom, 135 zuwa 150 mai sheƙi na fosta da takardar talla, 250 zuwa 300 na kati da bangon littafi. Ka taɓa samfurin da hannunka, kada ka tsaya ga lambar da aka faɗa maka. Lamineshan, wato ledar da ake manna wa takarda a sama, mai sheƙi yana ƙara wa launi ƙarfi kuma ƙurar hunturu na goguwa a kansa da tsumma. Marar sheƙi ya fi kwarjini, amma yana nuna shatin yatsa a kan launi mai duhu.

Abin da zai kwana a waje kuwa, fileks ne, wato ledar nan mai kauri da ake buga allon talla a kanta, ko sitika, da tawadar da ruwa ba ya wankewa. Ranar Sakkwato ba ta da sauƙi, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma ja da rawaya su ke fara koɗewa. Allon shago da zai fuskanci rana a kan titin Ahmadu Bello ko bakin babbar kasuwa, a yi rubutunsa baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari, ko da sauran launukan sun tafi lambar waya tana nan. Fileks na taron yini ɗaya mai arha ya isa. Wanda zai shekara a nemi mai kauri, a naɗe bakinsa, a sa masa zobban ɗauri da yawa, domin iskar farkon damina ta kusurwa take fara yaga shi.

Riguna: masu yawa da launi ɗaya ko biyu, irin na 'yan makaranta, bugun raga, wanda ake matsa tawada ta cikin raga ta hau yadi, ya fi arha da jure wanki. 'Yan kaɗan masu hoto, a yi na mannawa da zafi.

Kafin ka cika kuɗi, a fitar maka da kwafi ɗaya a kan ainihin takardar, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. Ka duba ko an bar rarar milimita 3 a gefuna don yanka, ka kira lambar wayar da ke jiki ka ji ko ta shiga, ka gwada kwanan watan Hijira da na Miladiyya ka ga ko rana ɗaya suke nufi. Daga nan ka sa hannu a bayan kwafin, mai maɗaba'a ya riƙe, kai ma ka ɗauki hotonsa.