Wata takwas ina buga Wordle, ga abin da na gani

Ni dai wasannin waya ba su taɓa damuna ba. 'Yata ce, wadda ke shirin zana jarrabawar WAEC, ta buɗe mini Wordle wata rana bayan sallar isha'i, ta ce in gwada sau ɗaya kawai. Yau wata takwas ke nan kusan kullum sai mun zauna a kansa, ni da ita.

Tsarinsa ba wuya. Kowace rana ana ɓoye kalmar Turanci guda mai haruffa biyar, a ba ka dama shida ka gano ta. In ka rubuta kalma, harafin da ya faɗa gurbinsa sai ya koma kore. Wanda yake cikin kalmar amma ya zauna gurbin wani ya koma ruwan ɗorawa, wanda babu shi kwata-kwata ya zama ruwan toka. Kalma ɗaya ce tak a rana, in ka gama sai ka jira ƙarfe 12 na dare kafin wata ta fito. Wannan na daga cikin abin da ya sa na amince wa yarinya da shi, don ba irin wasan da zai cinye mata dare ba ne, kuma bai cin data sosai.

Wani injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mai suna Josh Wardle ne ya ƙirƙiro shi a lokacin yana zaune a Brooklyn ta ƙasar Amurka, daga sunansa ma aka samo sunan wasan. Ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Jerin amsoshin da ya fara da su kalmomi 2,315 ne, alhali waɗanda wasan ke karɓa a matsayin gwaji a wancan lokacin sun kusa 13,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kalmomin Turanci ke zuwa dangi-dangi. Tsawonsu ɗaya, haruffa huɗu iri ɗaya, harafin farko kaɗai ya raba su. Dubi light, might, night, right, sight, tight da fight. Ko batch, catch, hatch, latch, match, patch da watch. Na san akasarinsu tun ina makaranta, amma ban taɓa jera su wuri guda na ga kamanninsu ba sai da wasan nan ya tilasta mini.

Akwai daren da ba zan manta ba. Na fara da stare, duk biyar ɗin suka yi toka. Na sa cloud, sai d ya yi kore, o da u suka yi ɗorawa. A karo na uku na sa mound, haruffa huɗu na ƙarshe duk suka yi kore. Muka yi murna, ashe da sauran rina a kaba. Na sa bound, ba ita ba ce. Na sa pound, ita ma ba ita ba. Saura dama ɗaya. Yarinyar ta ce, "Baba, sa found mana." Na ce mata ai yanzu na sa ta. Ta karɓi wayar ta nuna mini da yatsa, ta ce, "Baba, waccan da p take, wannan da f." Na yi shiru. A bakina kalmomin biyu ɗaya suke, saboda Hausa ba ta raba p da f, kuma shekara da shekaru haka nake furta su ba tare da na lura ba. Na sa found, ta fito kore gaba ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai, domin na tuna yawan 'ya'yanmu da ke rasa maki a jarrabawa kan irin wannan, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, sai don kunne bai saba jin bambancin ba. A wasan nan ido ne ke gani, kuma ido ya fi kunne saurin kamawa.

Daga baya muka gano dabarar fita daga irin wannan tarko. Maimakon ka riƙa canka ɗaya bayan ɗaya, sai ka sadaukar da dama guda ka sa kalmar da ta tara haruffan da kake kokwanto a kansu. A wancan daren da na sa whiff a karo na huɗu, da na gwada w da h da f lokaci guda. Sai dai wanda ya kunna tsarin wasan mai tsauri, wato hard mode, ba zai iya haka ba, don a can dole ne ka riƙe duk harafin da ka riga ka samu.

Wanda zai fara ya sani cewa rubutun Amurka ake bi. Mu a makarantunmu rubutun Ingila aka koya mana, inda ake rubuta favour da humour da haruffa shida. A can favor ne da humor, haruffa biyar cif, don haka suna iya fitowa. Na ja kunnen yarinyar kada ta kai wannan rubutun ɗakin jarrabawa. Haka kuma harafi na iya maimaita kansa a kalma ɗaya, kamar a tight, kuma mutum yakan manta da hakan.

Mutum na iya cin wasan bai san ma'anar abin da ya ci ba, shi ya sa muka haɗa da ƙamus da littafin rubutu mai shafi arba'in. Duk kalmar da ta fito, sai ta rubuta ta, ta jera 'yan uwanta a ƙasa, kowace da ma'anarta da Hausa, sannan ta karanta mini su da ƙarfi ina maimaitawa. Littafin farko ya cika tun watan jiya. A na biyun ta ware shafi guda na p da f kawai: pound da found, paint da faint, pitch da ditch ma ta sa da farko sannan ta soke, ta maye da plush da flush.