Sharhi: Robar kafireta 'yar araha a kan tsohon Virago, bayan wata bakwai ina hawa

A Hawan Kibo babur ɗina ya tona mini asiri. Ina dawowa daga Akwanga da yamma, na shigo hawan da giya ta huɗu kamar yadda na saba, sai na ji inji ya ɗauke wuta-wuta. Na murɗa totur har ƙarshe, ya yi wani gurnani kamar mai mura, amma gudu bai ƙaru ba. Na sauko ta uku, na sauko ta biyu. Wata tirela mai ɗauke da siminti, wadda na wuce tun a Forest, ta zo ta wuce ni, yaron motar yana ɗago mini hannu yana dariya. Da kyar na kai Riyom.

Babur ɗin Yamaha Virago ne, XV535, irin wanda kamfanin ya ƙera daga 1987 zuwa 2003. Silinda biyu gare shi a tsaye kamar harafin V, iska ke sanyaya shi, kuma ba sarƙa ke juya tayar baya ba, sandar ƙarfe ce. Ɗan Kwatano na saye shi, ya riga ya ga duniya kafin ya zo hannuna. Kafireta biyu ne a kansa, na Mikuni, kowane silinda da nasa. Ban ɗora wa maƙeransa laifin komai ba. Robar cikin kafireta da ta haura shekara ashirin tana shaƙar tururin fetur ta biya kuɗinta tuntuni.

Abin da ya ɓatar da ni da makanikai biyu shi ne, idan babur ɗin yana tsaye lafiyarsa ƙalau. Bugu ɗaya ya tashi, silo ɗinsa, wato yadda inji ke aiki ba a murɗa totur ba, daidai, ka zaga da shi daga Unguwar Rogo zuwa Terminus ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babban titi ka nemi ƙarfi, nan yake noƙewa. Na farko ya ce gurɓataccen mai na sha, muka zubar da rabin tanki, a wannan zamani da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke ƙirga lita kamar zinare. Na biyu ya canza fulogi, ya canza iyakilina, ya wanke kafireta sau biyu da maganin feshi na gwangwani, daga ƙarshe ya ce iskar Jos ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, garin yana kan tudu na kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta Lafiya ko Abuja, inji yana rasa ɗan ƙarfi. To amma ai shekara uku ina hawa a wannan iskar.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijo a Farin Gada, wanda manyan babura kawai yake taɓawa. Kowa Baba yake ce masa. Bai ma tayar da injin ba. Ya saurari bayanina, ya sa yaronsa ya fito da kafiretocin, ya zura yatsa ya tura fistin ɗin cikin kafireta na farko ya sake. Ya koma a hankali, da 'yar ƙarar iska kamar numfashi. Ya tura na biyu ya sake, sai ji kake ƙas, ya koma nan take.

"Alhaji, ka ji bambancin?"

"Na ji, Baba."

"To wannan ba ya riƙe iska. Robarsa ta mutu."

Ya kwance murfin, ya zaro fistin ɗin da robarsa mai kama da ƙaramar malafa baƙa, ya ɗaga ta saitin rana ya ɗan ja gefe. Sai ga haske yana ratsowa ta wata tsaga da ba ta kai tsawon farce ba, da wasu ƙananan huji uku kamar an soka allura, duk a daidai inda robar take lanƙwasawa. Ɗayar ma da muke cewa lafiyayya, da ya ja ta, duk ta yi zane-zane kamar diddigen manomi.

Ga yadda abin yake, don mai irin wannan babur ya daina kashe kuɗi a banza. A yawancin ƙananan baburan da ke gari, wayar totur ce ke jan fistin kafireta kai tsaye, ka murɗa ya ɗaga. A irin namu kuwa wayar ɗan faifan ƙarfe kawai take buɗewa a hanyar iska. Idan iska ta fara gudu a maƙogwaron kafireta, sai ta zuƙe wadda ke saman robar ta wani ɗan rami da ke gindin fistin. Iskar waje da ke ƙarƙashin robar sai ta tura ta, ta rinjayi sifirin, fistin ya ja baya, allurar da ke jikinsa ta buɗe wa mai hanya. Robar ta huje, zuƙar ta zama ta banza, fistin ba zai buɗe sosai ba komai murɗawarka. Silo kuwa hanyarsa daban ce, ba ruwansa da robar, shi ya sa babur yake yaudarar mutum a tsaye. Ni silinda ɗaya ne ya hawo da ni Hawan Kibo, ɗayan rakiya ya yi.

Na ce a yi mata faci. Baba ya ce ba zai yi ba, in ina so in je in yi da hannuna. Na kuwa yi, don na ɗauka rowar ilimi ce. Na farko sufa gulu na sa. Kwana biyu ya yi, domin idan ya bushe ƙanƙara yake zama, robar kuma aikinta lanƙwasawa sau dubbai a tafiya ɗaya, sai ta sake tsagewa a gefen facin. Na biyu na yanko safar hannu ta asibiti na manna da sholisho irin na masu faci. Wannan ya kai mako uku, har na fara cika baki a majalisa, sannan tururin fetur ya ɗago shi a hanyar Bukuru. Idan mutum yana daji ne yana so ya kai gida, facin safar hannu zai kai shi. Bayan wannan ɓata lokaci ne.

Hanya uku ta rage. Ta farko robar asali ce, haɗe take zuwa da fistin ɗinta, daga waje za a yi odarta, kuma guda biyu da kuɗin dala na lokacin sun kusa kuɗin ƙaramin babur na hannu. Ta biyu in sayi kafireta ɗan gwanjo a Dilimi. Na je na samu, na roƙi mai shagon ya bari in buɗe murfi, ya ce sai na biya. Na bar masa kayansa, don robar da ke ciki sa'ar tawa ce. Ta uku ita ce wadda nake wannan sharhi a kanta: roba zalla, guda biyu, da na yi oda ta intanet daga Chana, a kan kuɗin da bai kai na cika tanki biyu ba har da na kawowa.

Mako huɗu ta yi a hanya. Ta zo a 'yar leda, babu takarda, babu bayani, babu ko sunan wanda ya yi ta, kuma an danne ɗaya har ta yi karo a gefe. Baba ya jiƙa ta a ruwan ɗumi na ɗan lokaci ta miƙe. Abu na farko da ya lura da shi kauri ne. Ta asali siririya ce, da zare a cikinta kamar yadi. Wannan roba ce tsantsa, ta fi kauri a taɓawa, bakinta na ciki kuma yana da gaɓa mai tauri kamar bakin taya. Ya murza ta a yatsunsa, ya taɓe baki.

"Za ta yi aiki, amma da sanyi za ta yi maka nawa."

Sa ta shi ne inda aikin yake, kuma nan ne na gode Allah da ban yi karambani a gida ba. Tsohuwar robar wasu zobba biyu na filastik ne suka matse ta a jikin fistin, dole a yanke su, kuma in an yanke babu komawa. Kafin ya taɓa komai, Baba ya ɗauki ƙusa ya yi ɗan zane a kan fistin, daidai saitin ɗan kunnen da ke gefen tsohuwar robar. Wannan kunnen shi ke nuna yadda fistin zai fuskanta, sabuwar kuwa ba ta da shi. In aka juya fistin, ramin zuƙar iskan zai kalli inda bai kamata ba, ka sa sabuwar roba amma babur ya fi da lalacewa. Ya naɗe fistin da tsumma, ya riƙa cizon zoben da ƙaramar filaya kaɗan-kaɗan, yana yi yana faɗa wa yaronsa ya matsa masa daga haske. Ya goge ramin tas, ya zura sabuwar robar ta zauna ɗaram, sannan ya ɗiga sufa gulu ɗigo biyu a bakin ciki kawai, don kada fistin ya riƙa juyawa. Ya kalle ni ya ce, "Nan ne wurinsa, Alhaji, ba inda ka shafa ba."

Mayar da murfi ma sai da dabara. Bakin robar na waje dole ya kwanta cikin ɗan kwarin da ke jikin kafireta zagaye, ɗaya daga cikin nawa kuma ta ɗan fi wurin faɗi, ana danna nan tana ɓullowa can. Ya shafa giris kaɗan a kwarin ya kama ta, ya tokare fistin da yatsa, ya sa sifirin, ya rufe. Sukurorin murfin biyu sun riga sun cinye a hannun makanikan baya, domin kan sukurun Japan ya ɗan bambanta da sukundireban da ke kasuwa, ya canza su duka. Daga nan ya daidaita kafiretocin biyu da tiyon ƙarin ruwa na asibiti da ɗan baƙin mai a ciki, yana juya sukuru har man ya tsaya daidai a ɓangare biyu. Naira 8,000 ya karɓa, ya kuma gargaɗe ni kada in sake bari a fesa maganin wanke kafireta robar tana ciki, yana kumbura ta yana cinye ta.

Ranar na bi hanyar Bauchi har Tilden Fulani. Daga Naraguta na buɗe masa wuta, ya amsa tun kafin in gama murɗawa, ƙarar salansa biyu ta dawo tare. Na manta haka babur ɗin yake. Mai ma ya ragu da sha, tunda na daina matse totur ina roƙonsa.

Maganar Baba ta tabbata a watan Disamba. Da sanyin asuba na Jos, wanda ruwan randa ke yanka hannu, minti biyar na farko in na murɗa sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya ɗauka, kamar wanda aka tasa daga barci. Inji na ɗumama abin ke wucewa. Ta asali ba ta yi mini haka ko da ta tsufa. Wanda ke fita da sassafe ya shiga tsakanin Keke Napep da tifa a Farin Gada, ya san da wannan, ya bar babur ya yi zafi tukuna.

A wata na bakwai na sa an buɗe don in gani da idona. Babu tsaga, babu huji, tocila ba ta ratsa ko'ina ba. Sai dai wadda dama ta fi faɗi ta ƙara kumbura, ta ƙi komawa kwarinta, sai da muka ajiye ta a inuwa awa biyu ta sha iska ta tsuke. Wannan ya nuna mini robar ba ta jure fetur kamar ta asali, ban kuma sa ran za ta yi rabin shekarunta ba. A kan kuɗin da na biya, ban yi asara ba, har na sake odar wasu biyu na ajiye a gwangwanin madara cikin durowa, nesa da rana. Wanda fistin ɗinsa ya riga ya ci ko ya karce kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa a kan roba, fistin zai nema.

Saura abu ɗaya. In ina gangarowa Hawan Kibo na saki totur, salansa tana ɗan yin tas-tas. Baba ya ce akwai wata 'yar ƙaramar roba a gefen kowane kafireta, wadda ke ƙara mai idan an saki wuta, ita ma sa'ar waccan ce. Ba ta cikin ledar da na saya. Na yi odarta makon jiya, ya ce in ta iso in zo ranar Asabar kafin azahar.